Kwaɗon Kawu

Daga Allah muke, wurinshi za mu koma. Na faɗi haka ranar da abin ya faru, na sake faɗa a bakin kabari, kuma har gobe ban ja da shi ba. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne maganar da aka riƙa juyawa a kan tabarmi bayan mun dawo daga maƙabarta.

Kawu wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Makaniki ne a wani gidan gurzar auduga nan Funtua, shekara talatin da 'yan kai, kuma injin gurzar ne ya kama shi ranar wata Talata bayan azahar. Ni ma can nake aiki, a ɓangaren wuta. Kwana uku muka yi zaune a ƙofar gidanshi muna karɓar gaisuwa, kuma jama'a kam ya yi jama'a. Daga Bakori an zo, daga Malumfashi an ciko mota biyu, babura suka toshe lungun har sai da mai shayin bakin titi ya matsar da teburinshi.

Rana ta biyu wani dattijo ya sauko daga bayan babur, ya ce daga wajen Musawa yake. Ban san shi ba. Ya yi addu'a, ya yi mana ya haƙuri, sannan maimakon ya koma gefe sai ya ɗaga hannuwanshi biyu ya ware yatsun a gabanmu.

"Ku ƙirga," ya ce. "Goma ne cif. Shekara tara na yi ina tura auduga cikin injin nan, kuma da goma na koma gida. Wallahi ba wayona ba ne. Bawan Allahn nan sau biyu yana marina a kan in janye hannu. Na zo in ce na yafe marin, in kuma ce na gode."

Wasu suka yi 'yar dariya, wasu suka share ido da bakin riga.

Da la'asar tawagar kamfani ta iso, manaja a gaba, buhun shinkafa biyu a bayan mota. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ba zan yi mashi ƙarya ba. Sai da aka shafa fatiha ya gyara zama ya girgiza kai.

"Abin da ya ɗaure mana kai," in ji shi, "mutumin da ko ƙwan fitila zai canza sai ya sa kwaɗo, ranar nan sai ya manta. A aljihunshi aka sami kwaɗon. Ikon Allah ke nan."

"Tsautsayi," in ji wani.

"Kwana ne ya ƙare."

"Ai tsufa ma ya fara kama shi, dole a yi mantuwa."

Kafin magariba maganar ta zaga tabarmi, ta shiga cikin gida wurin mata, ta fito ta hau babura ta bi mutane garuruwansu: Baba Mai Kwaɗo ya manta kwaɗonshi.

Tsakanina da manaja bai fi taku uku ba. Na sunkuyar da kai ina jan carbi kamar mutumin kirki, ban ce uffan ba. Saboda wannan shirun nake rubutun nan. Ba na son a manta da Kawu, amma abin da ya fi ci mani rai shi ne a tuna shi da abin da bai yi ba.

Wanda bai taɓa shiga gidan gurza ba, bari in kwatanta mashi. Injin na da zartuna masu zagaye, jere a jikin ƙarfe ɗaya, su ke fizge auduga daga jikin angurya. In suna gudu ba ka ganin haƙoransu. Auduga in ta yi damshi ko ta zo da tsakuwa sai ta cushe, dole mutum ya buɗe murfi ya zura rabin jikinshi ya zaƙulo. Wutar injin kuwa daga wani akwatin ƙarfe take zuwa, a jikin bango kusa da ƙofa, mai hannu ɗaya. Ka ɗaga hannun sama inji ya tashi, ka ja shi ƙasa ya mutu. A gefen hannun akwai 'yan kunnuwa biyu na ƙarfe masu huda. In ka ja hannun ƙasa ka zura kwaɗo a cikinsu, ba mai iya ɗagawa sai mai makulli.

Tsofaffin wurin sun ce kafin Kawu, hula kawai ake rataya wa kunnuwan nan. Shi ya fara zuwa da kwaɗo, nashi na kanshi, kuma daga nan sunan ya bi shi har gida. In ya sayo sabo, makulli uku ke zuwa da shi. Ɗaya ya zura a tsirkiyar fata ya rataya a wuya, biyun ya tafi bayan masallacin kamfani ya jefa a masai. Ranar da na fara ganin haka na ce, "Haba Kawu, ai da ka ba ni ɗaya na ajiye maka."

"Injiniya ke nan," ya ce. Haka yake kirana in zai yi mani shaƙiyanci, ni da sakandare ma da ƙyar na ƙarasa. "In na ba ka, ranar da babba ya ce miƙo, za ka iya cewa a'a? Ba za ka iya ba, na san tarbiyyar da uwarka ta yi maka. To bar su a masai, can ba mai zuwa roƙo."

Babban yaƙinshi da ɗauke wuta ne. Mu nan wuta ba ta sallama in za ta tafi, ba ta yi in za ta dawo. Da an ɗauke, inji ya yi tsit, sai leburori su ga dama ta samu, kowa ya zura hannu yana zaƙulo abin da ya cushe, alhali hannun akwati na sama. Sai ka hango Kawu ya taho da gudu, hula a hannu, yana zazzaga masifa.

"Wa ya kashe injin nan? Kai ka kashe shi? Ba wanda ya kashe shi, barci yake! Ɗaukewa daban, kashewa daban! Wanda ya ɗauke wutar yana can wani gari yana shan shayi, bai san sunan ubanka ba, lokacin da ya ga dama zai maido!"

Duk kakar auduga sababbin leburori ke zuwa daga ƙauyuka bayan sun gama girbi. Ranar farko Kawu zai tara su gaban akwatin, tare da heluma, wato shugabansu, ya ɗaga kwaɗon sama.

"In kun ga wannan a nan, akwai ɗan Adam a cikin inji. Ko mai kamfanin ne ya ce ku taɓa, kada ku taɓa. In ba shi, ba kowa, ku ɗaga abinku. Ku maimaita!"

Ga ƙarti masu gemu suna rerawa suna dariya: "Da kwaɗo, da mutum. Ba kwaɗo, ba mutum." Heluma ya ji karatun nan ya fi sau ashirin, har shi ke jan baki in muryar Kawu ta dishe. Ku riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Ba zan ce kowa na son shi ba. Jarababbe ne, kuma ba ya iya lallashi. Da almakashi yake yawo a aljihun baya. Wani malamin awo ya taɓa shigowa ɗakin inji da sabuwar shaddarshi ta sallah, hannun riga na lilo kusa da bel. Kawu bai ce mashi fita ba. Cafke hannun rigar ya yi ya datse, ya miƙa mashi ƙyallen ya ce, "Ungo, kai wa tela. Wancan da ya kama, ba mai ɗinke maka." Mutumin nan har ya bar aikin ba ya amsa gaisuwar Kawu. Amma ya zo gaisuwar mutuwa, na gan shi, ya daɗe zaune.

Kalmar da ya tsana a duniya ita ce tsautsayi. Shekarun baya bel ya ja hannun wani lebura ɗan wajen Bakori, sai da aka yanke shi daga gwiwar hannu. Bayan sallar azahar limamin kamfani ya yi mana nasiha, ya ce tsautsayi ne, a yi haƙuri. Kawu ya bari har aka shafa, sannan ya ce, "Allah gafarta malam, ƙaddara na yarda da ita, a kanta zan mutu. Amma murfin bel ɗin nan wata uku yana jingine a bango. Na faɗa, na rubuta, na yi ihu. Akwai wanda ya jingine shi, akwai wanda ya ce a bar shi sai bayan kaka. Su fa, ba a yi masu tasu nasihar?" Sahu ya watse kowa na kallon ƙasa.

Sai a zaman makoki muka ji sauran labarin. Mai hannu ɗayan ya zo, ya ce damina uku a jere Kawu na hawa babur ranar hutunshi ya je ya yi mashi huɗa, har 'ya'yanshi suka tasa. Ko matar Kawu ba ta sani ba. Ce mata yake yi ya tafi duba wani inji.

Faɗan da ya fi kowane tsawo kuwa da mahaifiyata ya yi shi, wadda muke kira Inna. Kamfani na cuɗa irin shuka da wani jan magani don kada ƙwari su ci, kuma a manyan durorin roba shuɗaye maganin ke zuwa. Kowa na son durorin nan, ga kauri ga murfi. Inna ta ce Yaya ya samo mata ɗaya na ajiye ruwa. Ya ce a'a, bai ƙara ko harafi ba. Ita kuwa ba a ce mata a'a ta zauna. Ta bi ta wurin wani mai gadi ta samu, ta wanke shi da sabulu da toka sau uku, ta cika da ruwa. Ranar Juma'a Kawu ya shigo gaishe ta, ya yi arba da shi a gindin bango. Ko zama bai yi ba. Ya tuntsurar da duron, ruwa ya malale tsakar gida, ya zaro sukudireba ya huda gindin wuri biyar.

"Yaya! A gidana? A gaban surukata?"

"A gidanki. Jikokinki za su sha."

"Na wanke shi!"

"Ki shekara kina wanki, robar ta riga ta sha. In kin gaji da su ne ki faɗa mani in kwashe su, ba sai kin jiƙa masu ba."

Wata biyu ba ta yi mashi magana ba. In ya yi sallama sai ta shige ɗaki ta bar shi da kaji. Ran nan sai ga shi da sabon duro fil daga kasuwar Malumfashi, ɗaure a bayan babur. Ya sauke a zaure ya juya ya tafi, bai nemi ganinta ba. Ita ma ba ta aika da godiya ba, tuwo kawai ta aika mashi da miyar kuka mai man shanu. Duron na nan har yau, da shi muke sha.

Bara kamfanin ya canza hannu. Wani Alhaji ya saya, ya kawo manajanshi, ɗan boko mai fara'a. Ba mugu ba ne, da mugu ne da na fi samun sauƙi. Mutum ne da in inji ya tsaya minti biyar sai ka ga ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tun satin farko kwaɗon Kawu ya tsone mashi ido.

Wata rana Kawu ya kwance wani boris, zoben da ƙarfen zartuna ke juyawa a cikinshi, da ya cinye a injin gurza, ya kulle akwati, ya shiga gari neman sabo. Kwana biyu ba wuta, yana fita aka kawo. Akwatin nan kuwa shi ke ba injin ɗaure dilar auduga wuta shi ma, ga motoci a layi suna jiran lodi. Manaja ya aika a kira ni.

"Ɗauko injin yankan ƙarfe."

"Ranka ya daɗe, Kawu yanzu zai dawo."

"Kawunka ke riƙe da kamfanin nan ko ni? Kuma ba kwaɗon na ce ka yanke ba, gobe ma sai ya sayo wani. Kunnuwan za ka cire."

Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Wannan shi ne abin da na faɗa wa kaina, kuma gaskiya ne, amma bai wanke ni ba. Na cire wayar injin gurza, na yanke kunnuwan, aka tada injin dila, aka yi lodi. Ba abin da ya faru ranar, ko ƙwarzane. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Tsoron banza."

Da Kawu ya dawo, a ƙasa ya tsinci kwaɗonshi, a kulle, da guntayen kunnuwan biyu maƙale a jiki. Na shirya wa zagi, wallahi na shirya wa mari. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ciro makulli daga wuya ya buɗe, ya zare guntayen, ya kamo hannuna ya zuba mani su a tafi. Ya shafa wurin da na yanke da babban yatsa, ya wuce.

Washegari da safe ya tare ni gaban akwatin.

"Injiniya, na je wurin manajanka, ya ce ba za a mayar ba. Na ce to a bari ka riƙa zare fiyus in zan shiga, ya ce zarewa da mayarwa ɓata lokaci ne. To tunda kai ka yanke, daga yau kai ne kwaɗon. In zan shiga, ka ja hannu ƙasa ka tsaya a gabanshi har in fito. Ba fitsari, ba waya, ba gaisuwa. Ka san abin da ya sa nake son kwaɗo? Bai san Alhaji ba."

Na ce, "Kawu, ka ƙi shiga mana kawai."

"In na ƙi, wa za su tura? Ɗan ƙauyen da ya zo shekaranjiya, wanda ko hannun ba zai ja ƙasa ba."

Sati uku muka yi a haka. Bai daina zuwa da kwaɗon ba, kullum yana aljihunshi, don kullum cewa yake yau zai sake yi wa manaja magana. Mu biyu muka san yarjejeniyarmu. Kunya ta hana ni tara leburori in ce masu karatu ya canza, don sai na faɗi wanda ya yanke kunnuwan. Shi kuma, yanzu na gane, ƙin tona ni ya yi a gabansu. Kowa na ganin mai wuta tsaye gaban akwatin wuta, wa zai tambaya?

Ranar Talatar, muna idar da azahar aka ɗauke wuta, inji ya tsaya da auduga cushe a ciki. Kawu ya naɗe hannun riga ya dube ni. Na ja hannun akwati ƙasa na tsaya. Ya buɗe murfi ya zura jikinshi, ina hango ƙafafunshi da silifas ɗin nan nashi mai ɗinki.

Sai ga motar Alhaji mai kamfani, ya zo da baƙi zai nuna masu wuri. Duk wanda ke tsakar kamfani ya zube yana gaisuwa. Suka tsaya daidai ƙofar ɗakin inji, tsakanina da su bai fi taku ashirin ba. Alhaji ya hango ni a tsaye, ni kaɗai a tsaye, hannu a baya. Manaja ya zaro mani ido, ya yafito ni.

"Kai mai wuta, ba ka ga Alhaji ba ne?"

Na dubi ƙafafun Kawu. Na dubi ƙwan fitilar sama, a mace. Na ce a raina minti ɗaya ne, kuma ai an ɗauke wuta. Ni, ɗan ƙanwar mutumin da ya yi shekara talatin yana ihu a kan wannan kalma, ni na ce ai an ɗauke wuta. Fiyus ɗin ma da na zare na sa aljihu, wa zai kashe ni? Ban zare ba. Na fita na durƙusa.

Alhaji mutum ne mai son gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya tsohuwa da ƙafa. Ya juya yana gaya wa baƙi ai wannan ɗan ƙanwar tsohon makanikinmu ne, gidan amana. Ina durƙushe ina "lafiya lau, ranka ya daɗe" na ji leburori sun ɗauki sowa a baya: "An kawo! An kawo!"

Heluma ya shigo ta ƙofar baya da gudu, so yake baƙin Alhaji su ga inji na aiki. Ya dubi akwati. Hannu a ƙasa, ba kwaɗo. Ba kwaɗo, ba mutum. Ya ɗaga hannun sama. Karatun da Kawu ya koya mashi sau ashirin shi ya bi, bai kuskure ko wasali ba.

Abin da na ji da abin da na gani bayan nan ba zan rubuta ba. Ni na ja hannun ƙasa, amma na makara. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinshi.

Washegarin sadakar uku aka kira ni ofis, ni da heluma. Takarda aka miƙo mana mu sa hannu, layi huɗu, wai marigayin ya shiga inji ba tare da ya kulle akwatin wuta ba. Na karanta sau biyu ina neman ƙarya in kama, babu. Bai kulle ba ɗin. Ba a dai rubuta cewa ba wurin kullewa ba, ba a rubuta wanda ya ce a yanke ba, ba a rubuta wanda ya yanke ba. Manaja ya ce, "Rufin asirinmu ne gaba ɗaya, har da kai." Heluma ya dangwala yatsa yana kuka kamar mace ta rasa ɗa. Ni ma na sa hannu. Ranar inji ya koma aiki.

Wanda ya yi wa Kawu wanka ya ciro tsirkiyar daga wuyanshi ya ba ni, wai ni na fi kusa da sana'arshi. Kwana arba'in makullin nan na aljihuna tare da guntayen kunnuwan. A cikin kwanakin na ji maganar a wurin mai shayi, na ji ta a tasha, na ji wani sabon lebura na tsokanar abokinshi, "Kai dai bi a hankali, Mai Kwaɗo ma ya manta." Mutum ya ƙare ƙuruciyarshi da muryarshi a kan abu ɗaya, a tashi a mai da shi abin misalin sakaci! Kuma ni da bakina a rufe ina cin tuwo.

Safiyar sadakar arba'in na sami Inna a tsakar gida tana tsince masara kusa da duron nan. Na durƙusa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta cika duban idona ba.

"Inna, akwai maganar da zan faɗa maki a kan Kawu."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, Inna. Bai manta ba. Ni ne…"

"Na ce na sani." Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin faifai. "Washegarin ranar da ka yanke abin, nan ya zo ya zauna inda kake. Na ce Yaya, ka bar aikin nan haka. Ya yi dariya. Ya ce, ke kwantar da hankalinki, yanzu ma na fi samun natsuwa. Wancan kwaɗon a kasuwa na saye shi, wannan kuwa ni na raine shi."

Ban san lokacin da na kifa goshi a ƙasa ba. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce yi haƙuri ba.

"Kwana arba'in ina jira in ga ko za ka bari a rufe mani ɗan'uwa sau biyu," ta ce. "Mutuwa ta Allah ce, na yafe maka, shi ma na san ya yafe. Amma ba ni za ka gaya wa ba. A ƙofar gida aka ce ya manta. Tashi ka je ƙofar gida."

Na je. Ƙofar gidan Kawu an cika, har manaja ya zo, heluma na can ƙarshen tabarma ya rame. Liman na shirin ɗaga hannu na miƙe na ce a gafarce ni. Na zuba guntayen kunnuwan da makullin a kan tabarma, na faɗi komai, daga yankan har gaisuwar. Na ce heluma bai yi laifi ba. Na ce wanda ya ba da umarni ga shi nan zaune, wanda ya yanke ga shi nan tsaye.

Wallahi da an tashi an rufe ni da duka da na ji daɗi. Ba wanda ya tashi. Wani dattijo ya ce, "Haba ɗan nan, ba a tone-tone a wurin sadaka." Wani ya ce, "Duk dai tsautsayi ne." Liman ya ce a yi salati, aka shafa, aka raba waina. Manaja ya nemi takalmanshi ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Heluma kaɗai ya taso ya riƙe hannuna.

Da sati ya zagayo aka ba ni takardar sallama. Ban yi gardama ba. Na ce alfarma ɗaya nake nema, a bari in kawo mai walda ya mayar da kunnuwan kafin in tafi. Aka ce za a duba. Jiya na tambayi heluma, ya ce akwatin na nan yadda na bar shi, kuma an ɗauki sabon makaniki, mai 'ya'ya ƙanana.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa yatsun da ya tsare wa bayin Allah su tsaya mashi ranar tsayuwa. Ku kuma da kuka zo gaisuwa daga Bakori da Malumfashi da Musawa, kuka koma gida da waccan maganar, ina roƙonku ku maido ta ku tafi da wannan, ku faɗa a duk inda kuka faɗi ta farko. Kawu bai manta ba. Ya sa kwaɗonshi ranar, kamar kullum. Kwaɗon ne ya tafi gaisuwa.